Wane Tanti Ya Dace da Mai Tafiya a Babur, Kuma Yaya Ake Ɗaure Shi?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Jega, ina da babur Boxer. Ni da wani abokina, kowa da nasa babur, muna so mu fara fita yawon buɗe ido, mu je Argungu lokacin bikin kamun kifi, daga baya mu gangara Yauri mu ga kogi, mu riƙa kwana a tanti maimakon biyan kuɗin masauki. Na duba a intanet na ga tantuna iri-iri, har da wanda ake jefawa ya buɗe da kansa. Wanne ya kamata in saya, kuma yaya zan ɗaure shi a babur ba tare da ya dame ni a hanya ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya, wane tanti za ka saya da yadda za ka ɗaure shi, amma a ƙasarmu akwai na uku da ke gaba da su, wato inda za ka kafa shi idan dare ya yi. Zan taɓo duka ukun. Sana'ata gyaran injinan ban-ruwa ce da famfunan sola, kuma ita ta saba mini da kwanan waje. Lokacin noman rani nakan bi fadamun Argungu da Suru da Bunza a kan babur irin naka, aiki ya kai ni dare a inda babu masauki. Don haka bayanina ya shafi ƙananan baburanmu ne, su Boxer da Jincheng da Haojue, da yanayin Kebbi. Mai babban babur da akwatunan ƙarfe a gefe, lissafinsa daban ne.

Yawancin tantunan da ke shigo mana an ɗinka su ne don ƙasashen sanyi, inda damuwar mai kwana ita ce ya tsare ɗumi. Mu kuwa abin da ke hana mu barci shi ne zafi da sauro, sai ƙura a hunturu, sai guguwar farkon damina, sai ƙaya a ƙasa. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi da Yauri yakan wuce digiri 40, ƙasa kuma ta riƙe shi har tsakar dare. Wanda ya shiga tanti rufaffe a irin wannan dare ya sa kansa a tukunya ya ja murfi. Saboda haka abin da za ka fara nema a tanti shi ne iska, ba kauri ba.

Mai riga biyu

Nemi tanti mai riga biyu. Ta ciki yawancinta raga ce irin ta gidan sauro, haɗe da shimfiɗar ƙasa, ta waje kuma yadi ne mai hana ruwa da ake rufawa a kai. Amfaninsa shi ne tanti ɗaya ya yi maka aikin kowane lokaci. A bazara ka kafa ta ciki kaɗai, iska ta ratsa ka, sauro da kunama su tsaya waje. A hunturu, lokacin da sanyin asuba ke sauka kusan digiri 15, ka rufa ta waje ta tare iska da ƙura. Bikin Argungu yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, tsakanin ƙarshen sanyi da farkon zafi, inda za ka iya buƙatar rufawa yau, gobe ka yaye.

Mai riga ɗaya ya fi araha, shi ya cika kasuwa, amma yana da aibin da ba a gani sai an kwana cikinsa. Numfashin mutum da zufarsa suna tashi su taru a jikin yadin, da asuba su zama raɓa su ɗigo maka. A bakin fadama, inda ƙasa ke da danshi, abin ya fi muni. Mutane kan ɗauka tantin ne ke yoyo, alhali ruwan daga jikinsu ya fito. A mai riga biyu raɓar na taruwa a rigar waje ta gangara ƙasa. In ka sami mai ƙofa biyu masu fuskantar juna, ƙara kuɗi ka ɗauke shi, don ta nan iska ke shiga ta fita. Ka duba idon ragar ma, ya zama ƙanana sosai, saboda a bakin ruwa akwai ƙananan ƙwari da ke ratsa raga mai faɗin ido.

Batun girma kuwa, kada rubutun jikin jaka ya ruɗe ka. In an rubuta na mutum 2, ana nufin mutum biyu su kwanta kafaɗa da kafaɗa babu kaya, wato fili kusan santimita 210 a tsawo, 130 a faɗi. Kai kuma kana da jaka da hular kwano da rigar iska da kayan gyara, waɗanda ba za ka bari a waje ba. Mutum ɗaya ya ɗauki na mutum 2. Ku biyu za ku iya haɗa kuɗi ku sayi na mutum 3 ku raba ɗaukarsa, amma ni na fi so kowa ya yi nasa. Babur ɗaya kan lalace a bar mai shi a wani gari wajen makaniki, kuma a daren zafi jikin mutum biyu a ɗaki ɗaya ƙarin wahala ne. Tsayin irin waɗannan tantunan bai cika wuce santimita 120 ba, zama ake yi ciki ba tsayuwa ba, don haka ka riƙe 'yar darduma don salla a waje. Kada son tsayuwa ya kai ka sayen dogon tanti, iska ta fi kama shi, kuma ba zai ɗauru a babur da daɗi ba.

Siffarsa ta zama mai kumbo, wanda sanduna biyu ke giftawa a samansa ya tsaya da kansa ko ba a kafa turke ba. Wannan na da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato, domin sau da yawa inda za a ba ka ka kwana siminti ne, barandar aji ko ƙofar gida, ko fako mai tauri da turke ba ya shiga. Mai siffar doguwar rumfa ba ya tsayuwa sai da turaku da igiya.

Wanda ake jefawa ya buɗe da kansa, da ka ambata, ban ba ka shawararsa ba. Kafa shi na da sauƙi, gaskiya ne, amma idan an naɗe shi faifai yake zama mai faɗin santimita 70 ko fiye. Faifai irin wannan a bayan babur iska yake tarewa. Tirela ta wuce ka a hanyar Jega zuwa Koko sai ka ji an fizge ka gefe. Yawancinsu kuma riga ɗaya ne, wayar da ke cikinsu in ta karye ba ta gyaruwa. Na mota ne.

Lambobin da ke jikin jaka

Za ka ga lamba kamar 1500mm ko 3000mm. Tana nuna tsawon ruwan da za a tsayar cikin bututu a kan yadin kafin ya fara tsattsafowa. Don rigar waje, daga 2000 zuwa 3000 ya ishi ruwan Agusta. Shimfiɗar ƙasa ta fi buƙatar babbar lamba, 3000 zuwa sama, saboda gwiwa da gwiwar hannu suna danna ruwa ya ratso. Sai dai lamba ba ta hana yoyo idan ɗinki a buɗe yake. Juya rigar ka duba ko an manne bakin ɗinkin da siririn tef daga ciki. A nan ruwa ke fara shiga.

Tsakanin yadin foliyesta da nailan, ɗauki foliyesta. Nailan ya fi sauƙin nauyi, shi masu hawan duwatsu da ƙafa ke so, amma rana ta fi saurin cinye shi, kuma yana saki idan ya jiƙe. Ranarmu ba ta wasa da yadi. Lambar da ke ƙarewa da harafin D kaurin zare take nunawa: 68D ko 75D ya yi a rigar waje, ƙasa kuma gwargwadon kaurinta gwargwadon daɗewarta. Kada ka biya kuɗi mai yawa don tanti maras nauyi. Mai goyon kaya a bayansa shi ke lissafin giram. Babur da ya saba ɗaukar buhun shinkafa ba zai ji bambancin kilo 2 da kilo 3 ba.

Abin da babur ke ji shi ne tsawon kayan, kuma sanduna ne ke yanke wannan. Ana yin su gaɓa-gaɓa da roba a ciki, tsawon gaɓa ɗaya shi ne tsawon jakar. Nemi wanda gaɓarsa ke tsakanin santimita 40 da 50, kada ta wuce 55. Ɗauki abin awo ka je kasuwa da shi, ko ka sa mai sayarwa a intanet ya auna ya turo maka hoto kafin ka biya. Sandar alminiyam ta fi ta faiba: in ta ji wuya lanƙwasa take yi, ka miƙe ta ka ci gaba. Ta faiba tsagewa take yi, ta yaga yadi, ta soki hannu. In kuɗinka na faiba ne, ba laifi, amma ka riƙe guntun bututun ƙarfe da sandar za ta iya shiga da tef, don ɗorin gaɓar da ta tsage.

A gwanjo ana samun tantuna masu kyau da suka fi sababbi masu araha, sai dai a kwance a gani. Shafa cikin rigar waje da hannu. In yana danƙo, ko yana ɓarewa kamar garin fenti, ko yana wari mai tsami, maganin hana ruwan ya mutu, kuma ba ya dawowa. Ja kowane zif har ƙarshe, ƙirga sanduna, ɗaga ragar ta fuskanci rana ka nemi huji. Kowanne ka saya, kafa shi a tsakar gida, ka sa yaro ya watsa masa ruwa da bokiti kana ciki. Ka kuma koyi kafa shi a duhu tun a gida. Farashi kuwa yana bin dala, ka zagaya ka kwatanta.

In aljihu bai kai ba, gidan sauro da tamfol suna fid da mutum a lokacin rani, manoma da masunta da shi suke kwana. Raunin haɗin shi ne babu shimfiɗar da ke haɗe da raga, don haka kunama da cinnaka suna da hanya, kuma sai ka sami inda za ka rataya.

Turakun da ke zuwa cikin jaka siraran waya ne, fakon Kebbi na lanƙwasa su bugu ɗaya. Je wurin mai walda ya yanka maka siririn rodi, tsawon inci 8 zuwa 10, ya lanƙwasa kan ya fiƙe gindin. Guda takwas sun isa. A rairayin bakin kogi kuma turke ba ya kamawa kowane iri ne, sai ka cika leda ko ƙaramin buhu da yashi, ka ɗaura igiyar ka binne shi. Yanki tamfol ka riƙa shimfiɗawa kafin tanti saboda ƙarangiya da tsaida da ƙayar bagaruwa, amma ka rage shi kaɗan ya kasa faɗin tantin. In ya leƙo waje, ruwan sama zai tara ya kai maka ƙarƙashi.

Ɗaurin kaya

Babur ya fi natsuwa idan nauyi na ƙasa-ƙasa kuma kusa da tsakiyarsa. Kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, tana bayan tsakiyar tayar baya, duk nauyin da ka tara can yana sauƙaƙa gaba, kan babur ya riƙa rawa a gudu, ya kuma ƙi bin umarni a yashi. Tunda ba ka da goyo, kujerar baya ita ce wurin kaya masu nauyi: ruwa, kayan gyara, abinci. Ka matso da su har su kusa taɓa bayanka. Tanti da tabarmar kwanciya su ne na kariya.

Kada ka tsaya kan yadda kamfani ya naɗe shi. Ni nakan raba shi uku. Sanduna da turaku su shiga jakarsu daban, in kwantar da su a tsawon babur a gefen kujera, ko a gicciye in gajeru ne. Rigar ciki, wadda dole ta zauna a bushe, ta shiga babbar jaka tare da tufafi. Rigar waje da tamfol, waɗanda ke kwasar raɓa da ƙasa, su zauna a buhunsu a sama. Da haka in ka tashi da asuba rigar na jiƙe, ba za ta ɓata maka sauran kaya ba, kuma in ka tsaya cin abinci da hantsi sai ka zaro ta ka baza, minti kaɗan rana ta busar. Bakin turaku ka naɗe shi da tsumma, girgizar hanya na sa su huda jaka su huda tanti. Duk abin da ka gicciya kada ya wuce faɗin kan babur, don inda hannunka ya wuce nan kake ɗauka kayanka ma sun wuce, musamman a cunkoson Argungu ranar biki.

Robar taya da muka saba ɗaure kaya da ita tana riƙewa, amma rana na busar da ita ta tsinke ba sanarwa, in ta kuɓuce kuma ido take nema. Igiya mai faɗi mai maƙalli, irin wadda ake ja ta kulle, ta fi aminci. Ka sa biyu, kowace ta kama ƙarfen babur da kanta, yadda in ɗaya ta saki ɗayar na nan, sannan roba ta zama ƙari. Kada ka ɗaura a jikin fitilar sigina ko robar jikin babur. Jelar igiyar da ta rage ka naɗe ta ka cusa, don in ta shiga cen ko tsinken taya tana iya kulle tayar baya nan take, kuma faɗuwar da ke biyo baya ba ƙarama ba ce. Ɓangaren salansa ka bar tazara, yadin tanti roba ne, zafi kaɗan ke narka shi. Fetur da baƙin mai ma suna cin maganin hana ruwa, kada su haɗa jaka da tanti. Ka tabbata fitilar baya da lamba suna fili. Ƙara wa tayar baya iska kaɗan, sannan bayan 'yar tafiya, tun kafin ka yi nisa da Jega, ka tsaya ka sake jan igiyoyi, domin kaya na zama su saki.

Akwai abin da littafin kamfani ba zai gaya maka ba. Hanyoyinmu cike suke da shingen bincike na sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai, kuma mutum biyu a babura da doguwar jaka baƙa abin tsayarwa ne. Ka ɗaure sandunan yadda za ka zaro su ka nuna cikin sauƙi. Kada ka sayi tanti ko jaka mai launin kakin soja, ko kyauta aka ba ka. Ɗauki mai haske, toka-toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi, wanda dama ya fi rashin ɗaukar zafi. Takardun babur da katin shaidarka su kasance a aljihun gaba.

Inda za ka kafa

Hotunan da kake gani a intanet na mutum shi kaɗai a tsakiyar daji, ba namu ba ne a wannan lokaci. Ka san halin da ake ciki a sassan masarautar Zuru da iyakar Zamfara da wasu yankunan iyakar Nijar, ƙasar Yauri ma ta ɗanɗana, don a watan Yunin 2021 aka sace ɗalibai a Birnin Yauri. A shekarar 2021 ɗin ce kuma Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare aka kuma katse layukan waya. Dokoki irin waɗannan suna zuwa suna wucewa, labarin hanya kuma na canzawa cikin mako guda, saboda haka maganar direbobin tasha da mutanen garin da za ka, a ranar tafiyar, ta fi tawa.

Abin da nake yi shi ne in isa gari kafin la'asar ta yi sanyi, in nemi mai gari ko hakimi, in gaishe shi, in faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni, in roƙi wurin kwana. Galibi za a nuna maka harabar makaranta ko kusa da masallaci ko ƙofar gidansa, a kuma sanar da masu gadin gari. Baƙon da ya kafa tanti a bayan gari ba sallama, ko ɓarawo bai same shi ba, zargin mutanen gari zai same shi. A Argungu lokacin biki ka nemi masu shirya taron ko jami'an tsaro su nuna maka inda aka yarda a kwana, ka kuma tabbatar da ranar kafin ka tashi, don ba kowace shekara ake yi ba, an daɗe ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020.

A Yauri kada sha'awar kogi ta sa ka kafa a bakin ruwa. Akwai dorina a wannan yanki, da dare take fitowa kiwo, masunta sun san hanyoyinta, ka tambaye su. Sauro ma can ya fi yawa. Hau tudu kaɗan. A damina ka guji kwari da busasshen rafi, ruwan da aka yi a wani wuri na iya iso maka cikin dare. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi a gabansa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka ka juya ƙofa wajen yamma, ka ɗaure duk igiyoyin gefe tun kafin ka kwanta ko sama na tas. Kada ka ɗaura igiyar tanti a jikin babur, kuma ka kafe babur ɗin nesa kaɗan da guntun katako a ƙarƙashin ƙarfen da yake tsayawa a kai. Ƙasa in ta jiƙe ƙarfen na nutsewa, babur ya faɗo kan mai barci.

Komai sanyin hunturu, kada ka shigar da gawayi ko risho cikin tanti. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, yadin kuma na kamawa da wuta cikin ƙiftawar ido. Maganin sauro na kunnawa ma a waje. Zif ya zauna a rufe ko fitsari ka fita, takalmi kuma ka kakkaɓe shi da safe kafin ka sa ƙafa.

In ka dawo gida, kafa shi a inuwa ya bushe sarai kafin ka ajiye, tantin da aka naɗe da danshi fumfuna yake yi cikin 'yan kwanaki. Kada ka wanke shi da garin sabulu, ruwa da tsumma sun isa. Ƙurar hunturu ita ke kashe zif, ka goge haƙoransa da tsohon buroshin baki. Sannan ka rataye shi sakwa-sakwa cikin buhu a ɗaki mai iska, nesa da zafin kwano, inda ɓera da gara ba za su kai gare shi ba.